Karatu a Ƙetare: Yadda Ake Auna Tayin Jami'a da Tallafin Karatu

An rubuto wannan daga laccar da aka yi wa ɗalibai da iyaye a Aboabo, Kumasi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malamai, da ku ƙannena, sannunku da zuwa.

Idan jami'ar waje ta ɗauki yaro, takarda biyu take aikowa. Ta farko ta ce an ba ka gurbi, ita ake yawo da ita a WhatsApp ana ta barka. Ta biyu ta kuɗi ce, ita ce za ta yanke ko za ka tafi ko ba za ka tafi ba, kuma ita ce ba a cika karantawa ba. A kanta zan fi daɗewa.

Amma mu fara da suna, domin nan ne 'ya'yan Zango suka fi tuntuɓe. Ku ɗauko takardar haihuwa, da Ghana Card, da fasfo, da sakamakon WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare, ku jera su wuri guda. In wannan ta ce Abubakar Issaka, waccan ta ce Bukari Ishaq, ta uku kuma ta sa sunan uba a gaba, ku a gida kun san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke duba takardu a Jamus bai sani ba. Haka ranar haihuwa. Gyara yana buƙatar rantsuwa a kotu da bugawa a gazet ɗin gwamnati, kuma yana cin lokaci. Mafi sauƙi a daidaita komai kafin yaro ya yi rajistar WASSCE.

Sai lokaci. Ana fara nema kusan shekara guda kafin tafiya. A Amurka yawancin jami'o'i suna karɓa ta Common App, wato shafin intanet da ake cike fom ɗaya a tura wa jami'o'i da yawa: zagayen farko yana rufewa wajen 1 ga Nuwamba, na biyu a farkon Janairu, amsa tana fitowa ƙarshen Maris, kai kuma ka faɗi inda ka zaɓa kafin 1 ga Mayu. A Ingila ta UCAS ake bi, wato shafin neman gurbi na jami'o'insu, zaɓi biyar kawai ake ba ka. Likitanci da Oxford da Cambridge suna rufewa 15 ga Oktoba, sauran a Janairu. Tallafin gwamnatin Hungari, Stipendium Hungaricum, tsakiyar Janairu yake rufewa. Na Turkiyya, Türkiye Bursları, daga Janairu ne zuwa Fabrairu, kuma mai neman digiri na farko kada ya kai shekara 21. Wanda ya zauna shekara uku a gida yana jiran a samu kuɗi, wannan ƙofar tana iya rufe masa bai sani ba.

To, ga lissafin. Mu ɗauki misali. Jami'a ta rubuto: mun ba ka tallafin dala 30,000 a shekara. Gida ya ɗauki murna. Amma a shafi na gaba, kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya da littattafai sun tashi dala 60,000. Saura 30,000 a wuyanka, sau huɗu, dala 120,000 ke nan. Wata jami'ar da ba ta yi suna ba ta ba ka 20,000 kawai, amma jimlar kuɗinta 25,000 ce. Saura 5,000. Wace ce ta fi ba ka? Iyayenmu mata masu sayen atamfa a Kejetia sun fi mu sanin wannan: in mai kanti ya ce ya rage miki rabi, ba ragin kike dubawa ba, abin da zai fita daga lalitarki kike dubawa.

Kuma ragowar nan da dala za ku biya ta, alhali sidi kuke samu. A farkon 2022 dala ɗaya wajen sidi 6 take, kafin Nuwamba ta haura 13. Uban da ya yi lissafin shekara huɗu da farashin Janairu, kafin ɗansa ya gama zangon farko nauyin ya ninka. Don haka in ragowar ta yi daidai da iyakar ƙarfinku yau, ku ɗauka ta fi ƙarfinku.

Kafin ka ce ka karɓa, rubuta wa ofishin tallafi na jami'ar, su amsa maka a rubuce. Tallafin na shekara ɗaya ne ko ana sabunta shi? In ana sabuntawa, wane maki ne sharaɗi? Yaro ya sauka cikin sanyi, ga sabon salon koyarwa, makinsa ya sauka kaɗan a zangon farko, sai a janye kuɗin. In kuɗin makaranta ya ƙaru baɗi, tallafin yana ƙaruwa tare da shi? Ana rufe ɗakunan kwana lokacin hutu, kuma in an rufe ina zai kwana? Sannan ku duba ko an cusa bashi a cikin jimlar. Wasu takardun suna haɗa kyauta da bashi da albashin aikin da za ka yi a makaranta, su kira duka tallafi. Bashin nan mai ruwa ne, kuma mun san matsayinsa a wurinmu. A nan tsarin Bankin Raya Ƙasashen Musulunci ya bambanta. Ghana ba mamba ba ce, don haka 'ya'yanmu suna shiga ta shirin al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mamba ba, wanda a digiri na farko rance ne marar ruwa, ka biya bayan ka fara aiki don wani ya amfana.

Tallafin Amurka iri biyu ne: na hazaƙa, da na buƙata. Na buƙata shi ne mai tsoka, kuma ana cike masa fom ɗin CSS Profile, inda ake tambayar abin da iyaye suke samu. Yawancin iyayenmu ba su da takardar albashi. Mai goro ne, ko mai shanu, ko mai ɗinki. Ba laifi. A kawo bayanan banki ko na MoMo, da takardar da ke bayyana sana'ar, a faɗi gaskiya, har da yawan bakin da ake ciyarwa a gida. Jami'o'i ƙalilan ne, irin su Harvard, Yale, Princeton, MIT da Amherst, ba sa duba aljihun ɗan ƙasar waje kafin su ɗauke shi. Sauran suna dubawa. Wannan ke sa wasu yara su ce ba sa buƙatar tallafi don a ɗauke su, da niyyar su roƙa daga baya. A jami'o'i da yawa, in ba ka nema tun farko ba, babu sauran dama. Ku kuma yi hattara da tsarin Early Decision: alkawari ne cewa in sun ɗauke ka za ka je, don haka ba za ka iya jera tayi biyu ka gwada ba. Wanda kuɗi zai yanke masa hukunci ya yi tunani sosai kafin ya shiga.

Ofishin jakadanci ma nasa lissafin yake yi. A Amurka jami'a ba za ta ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, ba sai ka nuna kuɗin shekarar farko, sannan ga kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, dala 350 da na biza dala 185, ga tafiya Akra don ganawa. Ingila tana son kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba su ragu ba, ga gwajin tarin fuka, ga kuɗin lafiya fam 776 kowace shekara. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma sai ka zuba kusan yuro 12,000 a asusun da ake kullewa, ana sakar maka kaɗan-kaɗan duk wata. Kada wanda ya ce zai yi aiki ya cike giɓi: awa 20 a mako aka yarda, a Amurka ma cikin harabar makaranta kawai. Wannan kuɗin sabulu da katin waya ne.

Masu son likitanci, ku tabbatar Hukumar Likitoci ta Ghana ta san makarantar, domin sai kun ci jarrabawarta kafin ku taɓa majiyyaci a nan. Sauran fannoni GTEC, hukumar kula da manyan makarantu ta Ghana, ita ce take tantance shaidar waje. A ganina kuma, in ragowar ta yi nauyi, a yi digiri na farko a nan Tech, wato jami'ar KNUST, ko Jami'ar Ghana da ke Legon. Gidauniyar Mastercard tana ɗaukar nauyin ɗalibai a KNUST da Ashesi. A digiri na biyu ƙofofin sun fi yawa: tallafin Chevening na Birtaniya, wanda ke son shekara biyu ta aiki, da na Commonwealth, da na hukumar DAAD ta Jamus mai ofis a Akra.

Tambaya daga wani dattijo: Malam, wani ejan ya ce mu kawo kuɗi zai samo wa yarinyata gurbi da biza, har da takardar banki. Me ka gani?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Babu ejan da biza take hannunsa. Takardar banki ta bogi kuwa, in aka gano, Ingila tana iya hana ta shiga shekara goma, Amurka har abada, kuma sunan 'yarka ne a kai, ba na ejan ba. Neman tallafin Turkiyya kyauta ne. Common App tana yafe kuɗin fom ga marar hali, malaminta na makaranta zai tabbatar. EducationUSA, masu wayar da kai kan karatu a Amurka, suna ba da shawara a ofishin jakadancin Amurka. In dole sai wani ya taimaka mata da cikewa, to imel ɗin ya zama nata, lambar sirri tana hannunta, kuma duk kuɗin da za a biya a tura asusun jami'ar kai tsaye, wanda ke rubuce a shafinta na intanet.