Amsoshin Tambayoyinku: Idan Maus Ya Ƙi Tsayawa Inda Ka Auna

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Saƙonnin da suka taru a gabana wannan makon kusan kuka ɗaya suke yi, kukan masu wasan harbi a kwamfuta: an auna abokin karawa, an danna, harsashi ya tafi wani wuri daban. Na ware biyar daga ciki, domin duk da cewa ciwon kamarsa ɗaya, tushensa daban-daban ne.

Na farko daga wani matashi ne a unguwar Fagge, cikin Kano. Ya ce: "Malam, tsohon Counter-Strike 1.6 nake bugawa, saboda kwamfutata ba ta ɗaukar sababbin wasanni. Idan na ja maus a hankali, alamar saiti ba ta kaiwa inda nake so. Idan na fizga kuma, sai ta wuce mutumin. Abokaina sun ce hannuna ne bai iya ba. Shin sabon maus zan saya?"

To ƙanena, kar ka taɓa kuɗinka tukuna, kuma kar ka yarda da hukuncin da aka yanke wa hannunka kafin a yi bincike. Ga gwajin da nake so ka yi yau da dare. Ka samo littafi mai nauyi ka ajiye a gefen hagu na tebur, ka jingina maus da shi. A cikin wasan, ka ɗora alamar saiti a kan wani abu da ba ya motsi, misali kusurwar ƙofa. Sai ka ja maus zuwa dama a hankali, kamar tsawon taƙi guda, sannan ka maido shi da sauri har ya bugi littafin. Maus ya koma inda ya taso. To alamar saitin fa, wannan ɗan gicciyen da ke tsakiyar allo, ta koma kan kusurwar ƙofar? Idan ta wuce ta da nisa, mun kama ɓarawon.

Abin da ke faruwa shi ne, Windows yana da wani tsari da ke duba saurin hannunka, ba nisan da ya yi kaɗai ba. In ka ja a hankali, ya rage tafiyar kibiyar maus da ke kan allo. In ka fizga, ya ƙara mata. An yi shi ne don mai aikin ofis, wanda yake son ya tsallaka allo da ɗan motsi kaɗan, kuma a can yana da amfani. Amma a wasan harbi cuta ne, domin hannu da maimaici yake koyo. Mai harbin baka da ya saba da bakansa ya san iya jan da zai yi wa tsirkiya. Ka ɗauka a ce kowane harbi tsirkiyar tana sake ƙarfi, yaushe zai ƙware? Haka hannunka yake ciki yanzu.

Ka shiga Control Panel, ka buɗe Mouse, ka je shafin Pointer Options. Za ka ga wani ɗan akwati da aka rubuta Enhance pointer precision a gefensa. Sunan yana ruɗin mutane, domin ma'anarsa ƙara daidaito, shi ya sa da yawa ba sa yarda su taɓa shi. Ka cire alamar da ke cikinsa. A samansa akwai ma'aunin sauri mai gaɓa 11. Ka bar shi a ta 6, nan ne kowane motsi ɗaya na maus yake zama motsi ɗaya a allo, ba ragi ba ƙari. A cikin wasan kuma, idan ka ga Mouse filter a kunne ka kashe, idan akwai Raw input ka kunna. Wannan na ƙarshen yana sa wasan ya karɓi motsi kai tsaye daga maus, ba sai ya bi ta hannun Windows ba. Masu buga Counter-Strike 2, wanda kamfanin Valve ya fitar a 2023, su wasan nasu dama kai tsaye yake karɓa, don haka wannan akwatin ba ya shafarsu a cikin wasa. Amma tsofaffin wasanni irin naka suna jin sa sosai.

Da ka gama, ka sake gwajin littafin. Kwana biyu ko uku na farko za ka ji maus ɗin ya yi maka baƙunta. Ka daure, kar ka koma.

Saƙo na biyu ya zo daga wani magidanci a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ya ce ɗansa ya hana shi sakat, wai sai an saya masa maus mai DPI 16,000, don shi ne zai gyara masa saiti. Yana tambaya mene ne wannan DPI ɗin, kuma yawansa ne kyansa?

Alhaji, Allah ya ƙara girma, kun yi daidai da kuka tambaya kafin ku biya. DPI ƙidaya ce: sau nawa maus yake kai rahoton ɗigon motsi idan aka ja shi inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi da 'yan kai. Mai 800 yana ƙirga ɗigo 800 a inci guda. Yawan lambar yana nufin sauri ne, ba ya nufin iya saiti. Ƙwararrun 'yan Counter-Strike da ke cin abinci da wasan, da yawansu a kan 400 ko 800 suke bugawa, alhali suna da kuɗin sayen kowane irin maus a duniya.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin nan ne mafi yawan matasanmu suke faɗawa rami. Saurin da yaro yake ji a hannunsa abu biyu ne aka ninka: DPI na maus, da lambar saurin juyawa ta cikin wasa, wadda suke kira sansitibiti. Mai 400 da ya sa 2, da mai 800 da ya sa 1, tafiyarsu ɗaya. A Counter-Strike, kowane ɗigo yana juya mutum digiri 0.022 idan sansitibiti yana kan 1. Ku yi lissafin da ni. Mai 800 a kan 1 sai ya ja maus kusan santimita 52 kafin ya zagayo da'ira guda. Wanda ya sa 1,600 a kan 3 kuwa, bai kai santimita 9 ba ya zagayo. A wurin wannan na biyun, motsin milimita ɗaya tak yana karkatar da bindiga fiye da digiri 4. Kan abokin karawa da ke nesa kuwa bai cika digiri ɗaya ba a faɗi. Ta ina zai same shi? Ko numfashi ya yi, saitin ya goce.

Don haka shawarata, Alhaji, ku ce wa yaron ya sa maus ɗin da yake da shi a 800, ya rage sansitibiti har sai juyi guda ya ci masa tsakanin santimita 25 zuwa 45, ya auna da rula. Kuɗin da za a kashe a kan lambar 16,000, gara a saya masa shimfiɗar maus mai faɗi, domin yanzu zai riƙa jan maus da dantse ne gaba ɗaya, ba da wuyan hannu kaɗai ba. Kuma ya zaɓi lamba ɗaya ya zauna a kanta aƙalla mako biyu. Wannan ɗabi'a ta sauya sansitibiti duk lokacin da aka ci mutum, ita ce take hana hannu sanin gida.

Na uku daga wata ɗaliba ce a Zariya. Ta ce: "Wasan harbi na Valorant nake bugawa a laftof. Wani lokaci saitin lafiya lau, wani lokaci kuma sai in ji kamar ina jan maus a cikin kunu, alamar tana biyo hannuna a baya. Na lura ya fi faruwa da rana, ko idan an ɗauke wuta."

'Yar'uwa, ai kin riga kin amsa rabin tambayar da kanki, kuma na yaba da wannan lura. Maus ɗinki ba shi da laifi. Laftof da zarar ta koma kan batir, sai ta rage wa injinta ƙarfi don cajin ya daɗe. Haka kuma idan ta yi zafi, da kanta take ja da baya don kar ta ƙone. Wanda ya san zafin watan Afrilu a ƙasar Hausa, lokacin da ma'auni ke taɓa digiri 40, ya san abin da fankar laftof take sha. Idan ƙarfi ya ragu, adadin hotunan da wasa ke zanawa a sakan ɗaya sai ya faɗi. A hotuna 60, tsakanin wannan da wancan milisakan 17 ne ba kaɗan. A hotuna 30 ya zama 33. Abin da idonki yake gani ya riga ya tsufa kafin hannunki ya gyara, shi ne wannan nauyin da kike ji.

Ki riƙa yin wasan da caja a jiki, ki sa tsarin wuta na Windows a kan Best performance. Kar ki ɗora laftof a kan katifa ko filo, suna toshe mata hanci. Ki sa ta a tebur, ki ɗaga bayanta da wani abu iska ta ratsa. In ta shekara ba a buɗe ta ba, ki kai wa mai gyara ya fitar da ƙurar fanka. A cikin wasa kuma ki kashe V-Sync, wanda aikinsa ya riƙe hoto har allo ya shirya, riƙewar nan kuwa jinkiri ce. Ki rage inuwa da ƙyale-ƙyalen zane, ki kunna ma'aunin da ke nuna adadin hotuna a kusurwar allo don ki gani da idonki lokacin da ya faɗi. Idan katin zanen laftof ɗinki na NVIDIA ne, Valorant yana da Reflex, wani tsari mai rage jinkiri, ki kunna shi. Ranar da babu wuta kuma babu inbata, gaskiya gara ki ajiye wasan gasa ki yi atisaye kawai.

Na huɗu gajere ne, daga Kumasi ta ƙasar Gana: "Wani lokaci ina cikin juyawa sai in ga bindiga ta kalli sama ko ƙasa da kanta."

Ɗan'uwa, kifa maus ɗin ka duba cikinsa. Akwai wani ɗan ido a ƙasa, ƙaramar kyamara ce da ke ɗaukar hoton tebur sau dubbai a sakan, tana gwada wannan da wancan don ta gane inda aka nufa. Kwanakin baya, lokacin hunturu, na shiga wani shagon wasannin kwamfuta na tarar da yaro yana buga maus da tebur don haushi. Na karɓa na haska da fitilar waya, sai ga silin zare ɗaya ya gitta bakin idon, ƙura ta daskare a kewayensa kamar an shafa toka. Tsinken auduga na goge kunne muka sa muka share, muka cire ledar da aka shimfiɗa a teburin mai ƙyalli, muka sa masa bangon littafi a ƙasa. Nan take maus ya dawo hayyacinsa. Gilashi, da tayil, da duk abin da ke sheƙi, suna makantar da wannan idon. In ka share ka sake shimfiɗa amma har yanzu yana birkicewa idan ka fizga da ƙarfi, to idon ne ba ya iya bin saurin hannunka, abin da aka saba gani a maus ɗin ofis masu araha. A nan kam sayen sabo ya halatta. Ka nemi wanda ke kai rahoto sau 1,000 a sakan, ba 125 irin na ofis ba. In marar waya ne, ka duba batir, ka guji Bluetooth a wasan harbi, sannan ka nisanta ɗan risibansa, wanda ake sokawa a kwamfuta don karɓar sigina, da kafar USB 3.0, mai shuɗin ciki, idan an soka filash ko had-disk, wato faifan ajiyar bayanai, a wurin. Tun 2012 kamfanin Intel ya bayyana cewa irin wannan kafar tana iya dagula siginar na'urorin da ba su da waya.

Saƙo na ƙarshe daga Garwa, a Kamaru. Mai shi ya ce duk waɗannan gyare-gyaren ya yi su, alamar tana tsayawa cak a kan mutum, yana dannawa, amma a Counter-Strike 2 harsashi ba ya samu.

Malam, naka ba ciwon maus ba ne, kuma wurare biyu za ka duba. Na ɗaya, ƙafarka. A wannan wasan da gangan aka tsara cewa wanda ke tafiya yana harbi, harsashinsa warwatsewa yake, ko da alamar tana tsakiyar goshin abokin karawa. Sai ka tsaya cak. Idan kana tafiya hagu da maɓallin A, ka sake shi ka ɗan taɓa D, maɓallin tafiya dama, sau ɗaya, shi ne birkinka, sannan ka harba. Kuma bindiga irin AK-47, in ka danne ba sakewa, bakinta hawa sama yake yi, bayan harsashi na uku ko na huɗu ya bar kan mutum. Daga nesa ka riƙa sakin ɗaya-ɗaya ko bibbiyu.

Na biyu, intanet. Ka duba lambar ping, wato lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je saba, babbar kwamfutar da ke haɗa masu wasan, ya dawo. Mu da ke wannan yanki sau da yawa sabar Turai muke haɗuwa da ita, lambar takan kai 100 ko ta haura. Ga yadda za ka bambance: ka buɗe wasa da mutum-mutumin kwamfuta, wanda ba ya bukatar intanet, ka yi harbi minti goma a tsaye. Idan a can kana samu, a wasan gasa kuma ba ka samu, to layi ne. Ka haɗa kwamfutar da kebul na intanet maimakon Wi-Fi in da hali, ka dakatar da duk wani abu da ake saukewa a gidan, ka kuma rage iyakar ping da ka yarda da ita a wurin neman wasa, ko da jiran zai ɗan ƙaru.

Lokaci ya cim mana. Mai saƙon Fagge, ina jiran sakamakon gwajin littafin nan, ka rubuto ka faɗa mini ko alamar ta koma kan kusurwar ƙofa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.