Aya-aya a Gonar Jiki: Lacca Kan Tushen Ciwon Daji

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa noma a bakin Kubanni ya san aya-aya. Ka share ta da fartanya, gona ta yi fes, bayan sati biyu ta dawo, don ƙwayarta na can ƙasa. To, haka wasu cututtukan daji suke. Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, yana farautar ƙwayoyin da ke rarrabuwa da sauri. Ƙari ya motse, dangi su yi hamdala. Amma akwai 'yan tsirarun da ke kwance lamo, su ne iyayen ƙwayoyin cutar. A 1997 masu bincike Bonnet da John Dick suka nuna su a sankarar jini a Toronto ta Kanada. A 2003 aka gano irinsu a sankarar mama a Jami'ar Michigan.

Me ke raya su? Saƙo. Ƙwayar halitta ba ta yin gaban kanta. Wani sinadari ne zai ƙwanƙwasa ƙofarta, wannan ya gaya wa wancan, kamar daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, har magana ta kai fada, inda ƙwayoyin gado suke. Manyan hanyoyin da ake sa wa ido uku ne: Wnt, Notch da Hedgehog, wato bushiya. Kar ku yi dariya, tsutsar ƙudan da aka fara gano shi a jikinta ce ta fito duk ƙayoyi. A ciwon daji, ɗan aiken yana ta shelar "ku hayayyafa" alhali babu wanda ya aike shi. Irin saƙon nan ke sa ƙwaya ta saki maƙwabtanta, ta bi jini, ta yada zango a ƙashi, hanta ko huhu. Wannan yaɗuwar ce ta fi kisa.

A shekarun 1950, tumaki a Idaho ta Amurka suka riƙa haifar 'ya'ya masu ido ɗaya. Ashe wani tsiro suke ci mai toshe hanyar bushiya. Daga baya aka samu vismodegib, maganin da ke toshe wannan hanya, aka amince da shi a 2012 don wata sankarar fata.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Fatar cikin hanjinku tana sabuntawa cikin 'yan kwanaki, kuma da Wnt da Notch take aiki. Da aka gwada magungunan toshe Notch a jikin majiyyata, zawo mai tsanani ya biyo baya, dole aka riƙa ba da su da tazara don hanji ya huta. Hajiya, na ga hannunki a sama, bismillah.