Me ake tattaunawa a taron kasuwanci na 'yan jaridar farauta da kamun kifi a Amurka?

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. Idan aka ce an tara marubuta da masu ɗaukar hoto waɗanda sana'arsu ita ce ba da labarin farauta da kamun kifi da harbin kibiya, mutum zai ɗauka cewa zancen barewa da ƙugiya za a yini ana yi. Sai dai taron shekara-shekara da ƙungiyar POMA, ta ƙwararrun 'yan jaridar farauta da kamun kifi, take shiryawa a Amurka, ita kanta taron kasuwanci take kiran sa, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalin mahalarta shi ne yarjejeniyar aiki da farashi da haƙƙin mallaka. Waɗannan mutane sun san dawa ciki da waje. Abin da suka zo nema shi ne yadda za su ci abinci da wannan sanin ba tare da sun zubar da mutuncinsu a idon masu karatu ba.

Ƙungiyar da ta fi daɗewa a wannan fanni ita ce OWAA, ƙungiyar marubutan harkokin dawa ta Amurka, wadda aka kafa a 1927. Ita kuwa POMA ta ɓullo ne a 2005, bayan wani saɓani da ya taso a cikin tsohuwar ƙungiyar tsakanin masu kare 'yancin riƙe bindiga da masu fafutukar kare muhalli, shi ya sa har yau ta fi karkata ga farauta da harbi da kamun kifi.

Abin da ya sa zancen kuɗi ya mamaye taron shi ne rushewar tsohon tsari. A da, mujallu irin su Field & Stream, wadda ta fara fitowa a 1895, da Outdoor Life, wadda ta biyo baya a 1898, su ne suke sayen rubutu da hoto, su kuma nemo talla da kansu, marubuci bai damu da sanin inda kuɗin ya fito ba. Da talla ta koma intanet, sai bugun takarda ya ja baya, har manyan mujallun nan biyu suka dakatar da shi a farkon shekarun 2020, ko da yake Field & Stream ta dawo da bugawa a 2024. Yanzu mutum ɗaya shi ne marubuci, shi ne mai kamara, shi ne mai tace bidiyo, shi ne kuma mai bin kamfanoni yana neman wanda zai ɗauki nauyin shirinsa.

Mu ɗauki misalin mai ɗaukar hoto da ya yi asubanci kwana uku a jere a bakin fadama, yana laɓe cikin ciyawa, yatsunsa sun ƙage saboda sanyi, yana jiran garken agwagin daji su sauka daidai lokacin da rana take hudowa. A dokar Amurka, da zarar ya danna kamara hoton ya zama mallakinsa. Amma idan ya sa hannu a takardar da ta miƙa duk haƙƙoƙi ga wanda ya saya, to yana iya ganin hoton nan bayan shekaru a jikin kwalin harsashi ko a allon talla, kuma ba shi da ko sisi a ciki. Idan kuma wani ne ya sace hoton, ba zai iya shigar da ƙara ba sai ya yi masa rajista a ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar, kuma wanda ya yi rajistar cikin wata uku da wallafawa ya fi samun damar neman diyya mai tsoka. Layi ɗaya a cikin yarjejeniya yana iya cinye wahalar kwana uku, don haka zaman da ake yi a kan karanta yarjejeniya, a ganina, ya fi duk wani jawabin buɗe taro amfani. Akwai kuma haraji, domin mai zaman kansa yana biyan kashi 15.3 cikin ɗari na harajin masu aikin kansu, ban da harajin kuɗin shiga.

Ana taɓa dokokin ɗaukar bidiyo ma. Tun 2016, duk wanda zai tashi jirgi marar matuƙi don aikin kuɗi sai ya mallaki lasisi daga hukumar kula da sufurin jiragen sama, kuma tun 2014 an hana tashin irin waɗannan jirage a gandun dajin ƙasa da hukumar wuraren shaƙatawa take kula da su.

To, ga inda gizo ke saƙar. A irin wannan taro ba 'yan jarida kaɗai ne suke zuwa ba, har da kamfanonin da suke ƙera bindigogi da baka da sandar kamun kifi da tabarau mai hangen nesa, kuma sau da yawa su ne suke ɗaukar nauyin wani ɓangare na hidimar. Akan ware lokacin da za a fita fili a gwada sababbin kaya, inda marubuci zai riƙe bindiga ya harba, wakilin kamfani yana tsaye a gefensa yana yi masa bayani. Kamfanonin suna da dalilin neman kusanci, domin Facebook da Google ba sa karɓar tallar sayar da bindiga da harsashi, YouTube kuma yana taƙaita kuɗin talla a kan wasu bidiyoyin makamai. Ke nan kamfani yana buƙatar ɗan jarida ya kai shi ga masu saye, ɗan jaridan kuma yana buƙatar kamfani ya cike masa giɓin da talla ta bari. Hausawa suna cewa bakin da ya ci shi ke godiya, kuma a nan ne matsalar take: yaya mutum zai faɗi aibin kayan da aka ba shi kyauta, a gaban wanda ya ba shi?

Hukumar kula da cinikayya ta tarayya, wato FTC, ta tanadi amsa guda, kuma ta sabunta ƙa'idojinta a 2023. Duk wanda ya yaba wa kaya alhali an biya shi, ko an ba shi kyauta, ko yana samun kamasho idan aka saya ta hanyarsa, wajibi ne ya bayyana hakan a fili, a inda mai kallo zai gani ko ya ji, ba a ƙasan dogon rubutu ba. Sai dai bayyanawa ba ta wadatar ba idan duk abin da mutum ya gwada yabo yake sha. Masu karatun wannan fanni suna sayen kayan da kuɗinsu su shiga daji da su, kuma tanti da ya yi yoyo cikin ruwan sama yana tona asirin wanda ya yabe shi tun kafin gari ya waye.

Akwai kuma ɓangare na uku da wannan ciniki ya shafa, wato hukumomin kula da namun daji na jihohi. Tun 1937, dokar Pittman-Robertson take karkatar da harajin bindigogi da harsasai, wanda a yau kashi 11 cikin ɗari ne a kan dogayen bindigogi da harsashi, zuwa ga aikin kiyaye namun daji, sannan dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta yi makamancin haka da kayan kamun kifi. Idan maharba da masunta suka ragu, kuɗin gyaran fadamu da dazuzzuka ma sai ya ragu, saboda haka hukumomin suna da muradin ganin labaran da za su jawo sababbin mutane, musamman matasa da mata.

Idan taro ya watse, yawancin cinikin ba a kammala shi ba tukuna. Marubucin yakan koma gida da katunan adireshi da alkawuran sake ganawa, waɗanda ake cikawa a manyan baje kolin masana'antar: SHOT Show na bindigogi da kayan farauta da ake yi a Las Begas a watan Janairu, da ICAST na kayan kamun kifi da ake yi a Orlando a watan Yuli. Ba kowa ake bari ya shiga waɗannan wurare ba, sai wanda ya nuna shaidar cewa yana cikin sana'ar, kuma ga ɗan jarida shaidar ita ce aikin da ya riga ya wallafa.