Zaɓen matsakaicin babur na tsere ga wanda ba shi da tsayi

Assalamu alaikum. 'Yan uwa masu sauraro, batunmu na yau shi ne yadda mutumin da ba shi da tsayi sosai zai zaɓi matsakaicin babur irin na tsere, wato mai injin da girmansa ya kama daga wajen cc 500 zuwa 700, ba tare da ya sayi abin da zai riƙa fargabarsa duk lokacin da danja ta tsayar da shi ba.

Abin da kowa yake fara tambaya shi ne tsayin kujera daga ƙasa. Kujerar Honda CBR500R tana kan santimita 78.5, ta Kawasaki Ninja 650 tana kan 79, ta Honda CBR650R 81, ta Aprilia RS 660 kuma 82, ita kuwa ta Yamaha R7, wanda ya fito a 2021, ta kai 83.5. Tazarar santimita biyar ba ta cika ido a takarda, amma ita ce tsakanin mai dafa ƙasa da tafin ƙafa da mai laluben ta da yatsu.

Sai dai ina roƙonku kada ku tsaya a kan wannan lissafi, domin ba tsayin mutum gaba ɗaya ne abin aunawa ba, tsawon ƙafarsa ne daga cinya zuwa ƙasa, sannan faɗin kujerar daga gaba, inda ta haɗu da tanki. Kujera mai faɗi tana buɗe cinyoyi, sai ƙafar ta ɓata wani ɓangare na tsawonta wajen zagaye babur kafin ta sauka. Wannan ne ya sa babur mai silinda biyu, kamar Ninja 650, ya fi sauƙin rungumewa a kan mai silinda huɗu a jere, kamar CBR650R, wanda injinsa ya fi faɗi. Nauyi ma yana shiga ciki: Ninja 650 yana wajen kilo 193 da mai a tanki, CBR650R kuwa ya haura 200, kuma idan babur ya fara karkata a tsaye, kowane kilo a kan ƙafa ɗaya yake sauka.

A nawa ganin, dafa ƙasa da ƙafafu biyu ba sharaɗi ba ne. Ƙwararru da yawa ƙafar hagu kaɗai suke saukewa: su ɗan zame ƙugu zuwa hagu, tafin ya zauna daram, ƙafar dama tana kan birkin baya. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya duba inda zai tsaya tun daga nesa, ya guji rami da gangare da yashi.

Idan har sai an yi gyara, a fara da mai sauƙi, wato a rage soson kujera, musamman ta gefe, a kuma nemi takalmin hawa mai kaurin tafi. Saukar da babur ta wajen shokar baya shi ne mataki na ƙarshe, domin yana kusantar da ƙasansa ga kwalta, ya rage yadda zai iya kwantawa a kwana, kuma dole ne a saukar da gaba daidai da baya, a gajarta ƙarfen jingina shi, in ba haka ba zai tsaya a miƙe har iska ta iya kayar da shi. Wannan aiki ne na bakaniken da ya san irin babur ɗin.

Kafin ku biya kuɗi, ku hau da takalmin da za ku riƙa tuƙi da shi, ku ɗaga babur daga jingine, ku karkata shi kaɗan dama da hagu, sannan ku gwada tura shi baya da ƙafa kuna zaune, domin yawancin waɗannan babura ba su da giyar komawa baya.