Wayarka ba ta ga ƙwallon nan ba

Jama'a salamu alaikum, yau daga wani zauren ƙwallon tebur a Duseldof ta Jamus nake magana, waje sanyi kamar ya cire wa mutum kunne. Bari in juyo muku da kyamara. Kun ga mutanen can da suka dunƙule a kan waya ɗaya? Minti goma ke nan suna ja da bidiyo baya, wai ƙwallo ta shafi bakin tebur ko ba ta shafa ba. Abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya. Wallahi wayar nan ba ta ga komai ba, ku biyo ni mu yi lissafi.

Ƙwallon nan faɗinta milimita 40, nauyinta giram 2.7. In ƙwararre ya sakar mata hannu tana kai kilomita 100 a awa, kusan mita 28 ke nan a daƙiƙa. Waya kuwa hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa. To tsakanin hoto da hoto ƙwallon ta ci santimita 93, sulusin tebur, tunda tsawonsa mita 2.74 ne. Ko ka kunna mai hoto 240 ɗin nan da ake taƙama da shi, akwai tazarar santimita 12 da ba ka gani ba. Ita kuwa taɓa teburin wajen kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa take yi. Kuma doka ta ce saman tebur har kaifinsa ciki ne, gefen da ke tsaye waje ne. A kan 'yan milimitoci ake wannan faɗan.

Ku ɗaga kai ku ga na gaskiyar. Kyamara biyu ce can a kan ƙarfe, kulob ɗin ne suka haɗa don atisaye, kowace ta ci wajen Yuro 300 ban da kebul da kwamfuta. Ɗaya ba ta isa ba, don ido ɗaya ba ya gane zurfi. Sai biyu sun ɗauki hoto a lokaci guda cif, da kebul ɗin da ke ba su umarni tare, sannan kwamfuta ta haɗa layin ganinsu ta ce ga inda ƙwallon take a sarari. In ɗaya ta makara da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, an yi kuskuren kusan santimita 3, shari'a ta ɓaci. Kafin wasa ana nuna wa kwamfutar kusurwa huɗu na tebur, ta riga ta san faɗinsa mita 1.525, tsayin raga kuma santimita 15.25. Saboda haka ina gargaɗinku, in an saita kar wanda ya jingina da teburin. Ɗan wasa ya bangaje shi da cinya ya gusa, kwamfuta tana can tana hukunci a kan teburin da ba ya wurin.

Abin da ya fi burge ni, na'urar sau da yawa ba ta ganin taɓawar da kanta. Tafiyar ƙwallon take zanawa kafin bakin tebur da bayansa, in layin ya karye ta ce an taɓa. Nan ne ƙwallo mai juyi ke ba ta wahala, don tana lanƙwasa a iska ba tare da ta taɓa komai ba. Ga farar ƙwallo a kan farin layi mai faɗin santimita 2. Ga fitila: wutar nan ta Jamus tana sa fitila mai araha ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, kai ba ka gani, amma hoto ɗaya ya fito da haske na gaba da duhu. Kar ka sayi kyamara kafin ka gyara fitila, asarar kuɗi ce.

A manyan gasanni sunan abin TTR, ku ɗauke shi VAR na ƙwallon tebur. A Budafes, 2019, wasan ƙarshe na mata bibbiyu a gasar duniya, ana 9 da 9 a zagaye na biyar, alƙali ya ce sabis ɗin 'yan Japan ya shafi raga a sake. 'Yan Japan ɗin, Hina Hayata da Mima Ito, suna nuna allon bidiyo, doka ba ta yarda a duba ba, Sun Yingsha da Wang Manyu na Sin suka ɗauki kofin. Disambar shekarar ITTF, hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ta gwada TTR a Zhengzhou ta Sin, sannan aka yi aiki da shi a gasar duniya ta Doha a 2025. Damar ƙalubalantar hukuncin alƙali biyu gare ka, in ka yi daidai ba a rage maka.

Masu satar sabis kuwa asirinsu ya tonu. Dokar sabis ita ce tafin hannu a buɗe, ka cilla ƙwallon sama aƙalla santimita 16, kusan a miƙe, kar ka ɓoye ta da kafaɗa. Na'urar TTR tana auna karkatar cillawar, in ta wuce digiri 30 maki ya tafi. Kai, ina ma a kafa ta a teburin falanki na unguwarmu, inda katako ne raga, mai tebur shi ne alƙali kuma shi ke karɓar kuɗi! Da rabin gwanayen layi sun yi ritaya. Amma kar a raina mu, Quadri Aruna namu ne, ɗan Afirka na farko da ya kai matakin kwata fainal na ƙwallon tebur a Olamfik, a Riyo 2016, kuma a nan Jamus in ka ce Najeriya a zaure irin wannan sunansa za a fara kira maka.

Au, ga shi masu duba wayar sun haƙura za su sake makin. Bari in matsa, ina tare wa kyamarar hagu kusurwa.