Wai sayen kwikwiyon nan ceto ne?

Ga bidiyon da kuka yi ta turo mana. Ɗan kwikwiyo cikin keji, idonsa duk kwantsa, yana makyarkyata. A ƙasa kuma mutane sun cika wuri da magana ɗaya: "Don Allah wani ya saye shi ya cece shi." Niyya mai kyau ce, amma a nan aka yi kuskuren lissafi.

Bari mu ɗan ruga da bayanin farko. A Amurka da Turai akwai gidajen da ake kiwon karnuka don kasuwa kawai, ɗaruruwa a rumfa guda. Jihar Misuri ta Amurka ta yi ƙaurin suna a kai. Dokar tarayyar Amurka ta kula da dabbobi, wadda aka kafa tun 1966, ga abin da ƙa'idojinta suka yarda da shi: a auna kare daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara inci 6, shi ke nan tsawo da faɗin ɗakinsa. Ku dubi ƙasan kejin nan. Waya ce. An jera wani kan wani, saboda haka kun san inda kashin na sama yake zuba.

To, yanzu ku natsu. Wannan kwikwiyon da kuke gani, makonni kaɗan zai yi a nan. Wadda ba ta fita ita ce uwarsa. Cikin karya kwana 63 ne, ko kusa da haka, kuma tana neman barbara kamar sau biyu a shekara. Mai kiwon da kuɗi ne kawai a gabansa ba ya barin ko zagaye ɗaya ya wuce. Ta haihu, a ƙwace 'ya'yan tun ba su isa yaye ba, a jira ta sake, a maimaita. Ranar da ta daina haihuwa, ranar abincinta ya zama asara.

Kai kuma da ka miƙa kuɗi cikin tausayi, me ka gaya wa mai kiwon? Ka gaya masa kaya na tafiya. Kwikwiyo mai ban tausayi ma ya fi saurin shiga, dillalai sun san haka sarai. Kejin da ka bari wayam, kafin ka isa gida an sa wani. Kuɗinka ne zai biya barbara ta gaba.

Ga labarin wata karya mai suna Lusi. A 2013 aka fito da ita daga irin wannan gida a yankin Wales na Birtaniya, bayanta a tanƙware saboda zaman keji, gashi ya zube a wurare, ga farfaɗiya. Shekara uku ta ƙara a duniya. Wani likitan dabbobi, Marc Abraham, ya ja ragamar fafutuka da sunanta, har Ingila ta fara aiki da Dokar Lusi ranar 6 ga Afrilun 2020. Ba a hana kiwo ba. Dillali aka cire daga tsakiya: kwikwiyon da bai kai wata 6 ba, sai dai ka saya kai tsaye daga wanda ya kiwata shi, a inda aka haife shi, ka gan shi tare da uwarsa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana shaguna sayar da na masu kiwo tun 2019, Faransa ta bi sahu a 2024.

Amma ɗan Adam ba a raba shi da dabara. Sai masu harkar suka koma kama hayar gida mai kujeru da labule, su ajiye wata karya lafiyayya su ce ga uwa. Uwar haya ke nan! Gane ta ba wuya: nononta a ɗaure, ba alamar shayarwa, 'yan kwikwiyon ba sa rububinta, ita ma ko kallonsu ba ta yi.

Na san wani zai ce ina ruwanmu, mu da karnukanmu na farauta da gadi ne. To leƙa Instagram ka ga yadda ake tallar manyan karnukan Turai da Afirka ta Kudu a Abuja da Jos da Kaduna. Hoto, farashi, "a ina za mu haɗu?" Ni dai duk cinikin da za a ƙare a bakin gidan mai, daga bayan mota, ba na cikinsa. Cutar fabo, mai sa amai da zawon jini, takan yi kwanaki a jiki ba ta nuna ba, kuma tana kashe kwikwiyo da sauri. Lokacin da za ta bayyana, lambar mai sayarwa ta daina shiga.

Idan za ka saya, je gidan da kanka. Nemi uwar. Kada ka karɓi wanda bai kai mako 8 ba, kuma katin rigakafin ya zama da sa hannun likitan da za ka iya kira. In ka tarar da irin kejin da muka nuna, ɗauki hoto ka kai wa ofishin likitocin dabbobi na jiharku, kuɗinka kuma su zauna a aljihu.