Kwarin Gombe Daga Sama

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau babu fita, tun asuba ake yayyafi a nan Holand, don haka ku matso kusa da allon kwamfutar nan.

Kun gane garin? Gombe ce. Ga Pantami, ga Jekadafari, ga Tudun Wada. Hoton tauraron ɗan'adam ne na Turai mai suna Sentinel-2, kuma kyauta ake sauke shi. Kowane ɗigo a cikinsa fili ne na mita 10 tsawo da faɗi, shi ya sa ba za ka hango akuyarka ba. Amma kwari fa ba ya ɓuya. Kun ga layin nan mai ruwan ƙasa da ya tsaga unguwa biyu? Shi ne.

To, aikin GIS ke nan. Taswira ce da ake jerawa shimfiɗa kan shimfiɗa, kamar tabarma kan tabarma: ta tudu da gangare, ta hanyoyi, ta gidaje. Bari in kunna ta gangare a QGIS, manhajar da ita ma ba a biyan ko sisi. Yauwa. Ruwa na gangarowa daga tudun yamma, wajen Akko, ya ratsa gari, ƙasarmu kuma rairayi ce. Yanzu ga tsohon hoton Landsat, tauraron ɗan'adam na Amurka, na lokacin da aka ba mu jiha a 1996. Ku dubi inda gonaki suke a da. Duk sun zama kwano da siminti. Ruwan da ƙasa ke shanyewa ya rasa mashiga, sai ya taru ya yi ƙarfi, ya dinga cin gindin katanga.

Abin da ke ba ni haushi, da rani ake cinikin fili. Dillali ya kai ka a watan Maris, ƙasa ta bushe ƙayau, ya ce, "Alhaji, nan ai tudu ne." Agusta ce za ta ba ka amsa.

In za ka saya, ka je GOGIS, hukumar da ke kula da filaye a jihar Gombe, a duba maka takardun filin. Sannan ka tsaya a tsakiyarsa, ka ɗauki lambobin GPS da wayarka, a ɗora su kan taswirar gangare. A bidiyo na gaba zan nuna muku yadda ake ɗaukar lambobin, ko da ƙaramar Android ce a hannunka.